Kwamfutar Baban Peace

Ketura 'yar Shaffa ce, can kudancin Borno, amma ta shekara ashirin da uku a Maiduguri tana buga takardu a ofishin wani coci da ke Dala. Takardun baftisma da na aure da jerin waƙoƙin Lahadi duk ta hannunta suke bi. Da tafireta ta fara, ta koma kwamfuta, kuma ba ta taɓa damuwa da abin da ke cikin injin ba, in dai ta danna aiki ya fito.

Mijinta Jona shi ne mai wannan damuwa. Malamin lissafi ne a sakandare, ga son gardama, ga yawan dariya. Wata rana ya goge Windows daga kwamfutarsa ta hannu, ya sa wani tsari da ake kira Linux, ya kuma tasa matarsa gaba da wa'azi.

"Maman Peace, wannan kyauta ne. Ba ya kama birus, ba kamfanin da zai leƙa asirinki. In ya ba ki matsala, akwai dubban mutane a duniya da za su taimake ki."

Ta ce, "A cikin dubban nan, wa ke zaune a Dala?"

Sau ɗaya ta yarda ya sa mata Linux ɗin a kwamfutar ofis. Firinta ta ƙi aiki, takardar shirin wani aure ta fito a hargitse, washegari ta sa aka mayar mata da tsohon tsarinta. Bayan haka abin ya zama wasa tsakaninsu.

Duk hutu Jona kan je Shaffa ya ɗauki muryar mahaifiyarsa tana rera tsofaffin waƙoƙin yarensu na Bura, har Allah ya yi mata rasuwa. Muryoyin da hotunan gida duk a kwamfutarsa ya tara su, ya kulle ta gaba ɗaya da kalmar sirri. Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, sati shida Ketura tana gefen gadonsa. Kalmar ta faɗo mata a rai ba sau ɗaya ba, amma ta kasa tambaya, don gani take tamkar ta ce masa ba zai tashi ba ne. Bai kuwa tashi ba.

Shekara na zagayowa ambaliya ta ci gari. Ruwa ya tafi da akwatin hotunansu, ita kuwa ta fito da kwamfutar a cikin roba bisa kanta. Da aka natsa ta kunna ta, sai baƙin allo da layi ɗaya yana neman kalmar. Ta gwada sunanta, ta gwada na 'yarsu, da ranar aurensu, da ayar da ya fi so. Babu wadda ta buɗe.

Ta kai wa Umara, mai gyara a bakin kasuwa. Ya juya ta, ya girgiza kai.

"Madam, wallahi wannan ba layinmu ba ne. Sai dai in goge komai in sa miki Windows."

Ta karɓi abarta, ta nufi wurin Manasse, abokin Jona da ke aiki a jami'a, wanda ya koya masa Linux ɗin. Kwana huɗu yana fama. Ya tambayi mutanen intanet, wasu suka yi ta'aziyya, wasu suka ce me ya hana a ajiye kwafi a wani wuri.

"Maman Peace, ba mai iya buɗe ta," in ji shi. "Amma ba laifin tsarin ba ne. Ko Windows aka kulle haka, magana ɗaya ce."

"Na sani, Malam. Ban ce da laifin kowa ba. Kun dai gaya masa duk amfanin abin, ba wanda ya ce masa ya tuna da mu."

Manasse ya sunkuyar da kai.

Bana Peace za ta yi aure. Ta roƙi uwarta waƙar da kakarta, mahaifiyar Jona, kan rera wa amare in za a kai su ɗaki. Ketura ta zauna a ofis bayan an tashi aiki, tana rerawa a hankali tana bugawa. Baiti biyu ta tuna, na ukun ya ɓace mata. Ta buga waya Shaffa, aka ce tsofaffin da suka san waƙar duk sun riga mu gidan gaskiya. Ta fitar da baiti biyun a takarda, ta ninke, ta kai wa 'yarta.