Ɓeran da Tela ya tausaya wa

Ƙanena Tela ya tsufa a kan keken ɗinki har idonsa ya daina ganin kafar allura. Matarsa ta rasu, shagon ya koma hannun mai gyaran waya, shi kuma ya tare a gidan babban ɗansa, direban tirela. Aka ba shi ɗakin baya, jikin tankin ruwa. Ɗan bai ɓoye masa ba: yana son ɗakin don ajiyar tayoyi, in Baba ba shi da abin yi a ciki sai ya koma kwana a falo.

Shi ya sa Tela ya shiga kiwon fararen ɓeraye. Wata mata da ke kula da dabbobin gwaji a kwaleji ta ce za ta riƙa sayen 'ya'yan. Ta ba shi mata da maza, ta ce kowane namiji da kejinsa. Keji biyu gare shi. Ya zuba matan a ɗaya su ƙara girma, mazan a ɗaya.

Na ce, "Ba haka aka ce maka ba."

Ya ce, "Yaya, ciki ɗaya suka fito. Me zai haɗa su?"

Na ce, "Ni da kai fa? Wa ya fasa maka goshi muna yara?"

Ya yi dariya. Bai raba su ba.

Da suka balaga, mafi girma a cikin mazan ya kama bakin abinci da na ruwa. Ya aske wa sauran gashin baki tas, yana korarsu cikin dusar katako yana cizonsu a gindin wutsiya. Akwai wani ƙarami da ke rakuɓewa a kusurwa, bayansa duk ɓawon ciwo. Tela ya sa masa suna Maraya. Da yatsa yake ba shi abinci.

Wata safiya ya kamo babban ta wutsiya ya tsoma shi a bokiti har ya daina motsi. Ya ce azzalumi ba ya zama masa a ɗaki. Kafin ruwan bokitin ya bushe a tsakar gida, na biyu ya hau kujerar, kuma ya fi na farko mugunta. Shi ma ya sha bokiti. Haka aka yi ta yi.

Surukarsa ta leƙo ta toshe hanci. "Baba, kiwo kake ko alƙalanci?"

"Je ki duba girkinki, 'yar nan."

Na gaya masa masu ƙarfin da yake kashewa su ne irin. Ya ce ba zai yaɗa jinin mugu ba. Tela mutum ne da aka taka da yawa a rayuwa, kuma bai taɓa ramawa ba sai a kan ɓera.

Da ya rage Maraya kaɗai, ya kai shi kejin matan. Muka zuba ido. Matan suka yi ƙiba, suka yi sheƙi, ko ɗaya ba ta ɗauki ciki ba.

Matar kwalejin ta zo. Ta ɗaga Maraya, ta juya shi, ta duba ƙasansa.

"Baba, wannan ai sun gama da shi tuntuni, ba zai iya ba mace ciki ba. Nan suke cizo. Ina sauran mazan?"

Ni na ba ta amsa. Ta kwashe matan a kwali, ta ce ba za ta sake ba shi wasu ba.

Tayoyin suka iso ranar da ɗan ya dawo daga tafiya. Yanzu Tela yana naɗe katifarsa kowace asuba kafin jikoki su kunna talabijin. Surukar ta ce ɓera ba zai kwana mata a falo ba, don haka kejin Maraya yana waje, ƙarƙashin tankin, inda ruwa ke ɗiga.