Sun kashe Malam Hamisu a hanyar dawowa daga Lafani

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan, ina ɗaura wa yara kayan makaranta, aka kira ni aka ce 'yan bindiga sun kashe Malam Hamisu. Na ce wane Hamisu? Aka ce naku na ofis.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne akawun ƙungiyarmu ta masu sayen albasa a nan Illela. Ni mataimakiyarsa ce. A hannunsa na koyi duk abin da na iya.

Aikinsa ba wanda ake gani ba ne. In mun ɗauki albasa daga manoman Araba, Lafani da Darna, manhajar akawu takan fitar da fayil na sunayensu da lambobin asusunsu. Amma banki ba ya karɓar sa haka. Lamba sai ta cika goma cif. Ba waƙafi a cikin kuɗi. Suna mai ɗ ko ƙ ko ɗigon sama sai an mayar da shi baƙin boko zalla. Kuskure ɗaya, a dawo maka da fayil ɗin gaba ɗaya, mutum ko ɗaya ba zai ji alat ba.

Malam yakan zauna ya bi layi-layi yana magana da sunayen kamar suna gabansa. "Sa'adu, yi haƙuri, banki bai son ɗigon ga naka." Sai ya goge.

Satina na farko na tura fayil, ashe kwamfuta ta cinye sifirin farko na lambobi da yawa. Banki ya dawo da shi, manoma suka cika ƙofar ofis, ciyaman ya fara yi mini faɗa a gabansu. Malam ya miƙe ya ce, "Alhaji, ni na ban nuna mata ba." Alhali ya nuna mini har sau biyu. Da aka watse ya jawo kujera ya nuna mini na uku, bai ɗaga murya ba.

Jiya da hantsi ne ganina da shi na ƙarshe.

Mutum bakwai banki ya ƙi, wai sunansu bai yi daidai da na asusun ba. Duk dattawa ne na wajen Lafani, waya ba ta shiga. Na ce, "Malam, mu bar su sai zagaye na gaba mana. Hanyar nan ba ta da kyau."

Ya ce, "Ɗiyata, in munka bar su, sai bayan sati biyu. Da mi za su sayi taki? Bari in tai in ga takardunsu da idona."

Ni na buga masa takardar. Suna, ƙauye, kuɗin kowa. Ya saka a jaka tare da laftof, ya ce in ajiye masa furarsa a firij.

Sauran labarin daga bakin Mamman, direban motar hayar da Malam ya shiga, na ji, a asibiti, da bandeji a kansa.

Bayan la'asar suna dawowa, mutane a kan babura suka tare su. Suka fito da kowa, suka kwantar da su rub da ciki a bakin hanya. Da suka zazzage jakar Malam suka ga laftof da takarda mai lambobi, sai suka ce ga mai kuɗin.

Suka ce ya buɗe ya yi musu taransifa. Ya ce musu ba kuɗi ciki, jerin suna ne kawai, kuma ko sisi ba ya fita sai ciyaman da ma'aji sun sa hannu. Suka buga masa gindin bindiga a baki. Ya sake faɗa, suka sake bugawa. Suka ɗora hannunsa na dama a kan kwalta suka taka da takalmi har Mamman ya ji ƙarar ƙashi.

Ɗaya daga cikinsu ya iya karatu. Ya ɗauki takardar ya fara kiran sunaye. Ya ce to, tunda kuɗin na waɗannan ne, Malam ya hau babur ya nuna musu gidajensu ɗaya bayan ɗaya, su sake shi.

Mamman ya ce Malam ya tofar da jini ya ce, "Ban san gidan kowa ba."

Awa biyu kafin nan yana zaune a zaurukansu yana shan ruwansu.

Sau uku suka tambaye shi. A na ukun suka harbe shi a ƙirji, sannan a wuya. Suka tafi da laftof da takardar da mutum biyu daga cikin fasinjoji.

Tun safe ake ta aika wa dattawan nan saƙo kada su kwana a gidajensu. Ni kuwa na kasa daina tunanin layin ƙauyen da na saka a takardar. Bai ce in saka ba. Ni na ga zai sauƙaƙa masa.

Na je gidan. Matarsa, Inna Balki, ta miƙo mini ƙaramin littafin da aka samu a aljihunsa, ta ce, "Na aikinku na, kar shi ɓace." Ya rubuto ainihin lambobin asusun dattawan duka bakwai. Biyar suna karantuwa. Biyu jini ya rufe su.

Biyar ɗin na shigar da su yanzu, na ƙirga kowace sau uku, goma-goma. Banki ya karɓa.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya shida. An yi jana'izarsa bayan azahar.

Ya Allah Ka karɓi shahadar Malam Hamisu, Ka yalwata kabarinsa, Ka rufa wa iyalinsa asiri yadda ya rufa wa bayinKa. Ka kuɓutar da mutum biyun da ke hannunsu. Waɗanda suka yi wannan, Ka fi mu sanin inda suke.

Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ya sa dattawan Lafani a addu'a.