Haƙoran Ɗiyata Masu Bakin Zarto

Ni mahauci ne, ɗan mahauta, a Talata Mafara. Na buɗe bakin sa da na rago ba adadi don in gane shekarunsu, amma ban taɓa tsayawa na ƙare wa haƙorin mutum kallo ba sai shekarar da ɗiyata ta fari ta yi famfara.

Sababbin haƙoranta na gaba suka fito manya, bakin kowane da 'yan tudu uku kamar zarto. Hankalin uwarta ya tashi. Da muka je gaida mahaifiyata a Faru, tsohuwa ta kama haɓar yarinyar, ta shafa su da yatsa don idonta ya yi rauni.

"Ni dai na manta yadda naku suka fito," ta ce. "Ku kai ta a duba, kada a bar abu ga zato."

Ranar da ba ni da yanka na kai ta wajen likitan haƙori. Bayan mun gaisa ya leƙa bakinta, ya yi murmushi.

"Malam, lafiyarta lau. Kowa haka nashi ke fitowa, har kai. Tauna ce ke goge su a hankali. Matso ka ga wani abu."

Ya haska fitila, ya sa ɗan madubi can ciki. Sai ga sabon turmi, haƙorin tauna, fari tas, wanda ban ma san ya fito ba. Ashe samansa ba shafaffe ba ne. Tudu ne nan da can, da kwari a tsakiya, da siraran hanyoyi suna ratsawa. Ya ce wa yarinyar ta rufe baki sannu. Ina kallo tudun na sama ya sauka cikin kwarin na ƙasa, daidai wa daida.

"Kowane a cikin dasashinsa ya ginu," in ji likita. "Ba su taɓa haɗuwa ba sai da suka fito."

"To wa ya auna su?" na ce, ban san maganar ta fita ba.

"Ai kai ma ka sani."

Likitan ya ci gaba da gargaɗin a riƙa wanke mata kwarin nan don abinci na maƙalewa, amma rabin maganar kawai na ji. Harshena na can yana bin turamena ɗaya bayan ɗaya, ina tasbihi a zuci.

A bakin titi ɗiyata ta ja mini riga, wai rake take so. Na saya mata gaɓa biyu, muka zauna a inuwa har ta shanye.