Talata da Asabar ɗin Baba Bitrus

Shekara goma sha bakwai Baba Bitrus ya yi yana buɗe wa wata unguwa a bayan Damba ruwan famfo. Daga Filato ya zo Gusau yana saurayi, aka miƙa masa dogon ƙarfen murɗa bututu, shi ke nan aikinsa. Ruwan kuwa sau biyu ne a mako, Talata da Asabar. Amma idan Bitrus ya ce Talata, to Talatar ce. Mata har wankin suna suke tsarawa da maganarsa, kuma ban taɓa jin wanda ya zage shi ba.

Sai aka gyara injin da ke turo ruwan. Wani sabon jami'in hukumar ruwa mai zafin kai ya sa aka yi shela da lasifika cewa daga yau ruwa kullum. Mutane suka saki jiki, wasu har suka ba da randunansu kyauta. Ruwa ya koma kwana biyar a mako, abin da unguwar ba ta taɓa gani ba. Kai, ɗan Adam! A lokacin ne zagi ya fara.

Ran nan Inna Asiya, tsohuwar da ke sayar da ƙuli, ta tare shi a bakin famfo.

"Ina ruwan da kunka ce kullum? Ashe kai ma ka koyi ƙarya, Bitrus?"

Kalmar ta soke shi ƙwarai. Ba shi da gona, ba shi da gidan kansa, gaskiyar bakinsa ce kaɗai dukiyarsa. Ya san idan ya musanta shelar maigidansa zai iya rasa aikin. Duk da haka ya bi ƙofa-ƙofa, ya tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar, ya faɗa a cocinsu ran Lahadi.

"Ni kwana uku na ɗaukar muku alkawari: Litinin, Laraba, Juma'a. In kun ga ƙari, ku gode wa Allah."

Aka kira shi ofis, aka ba shi takardar gargaɗi. Ya karɓa da hannu biyu, bai janye maganarsa ba.

Ran Alhamis ya murɗa ƙarfen kamar kullum, ruwa ya taho. Sai ya ji guɗa daga wani gida, wani gidan ya amsa, har layin ya ɗauka. Ruwan nan ne dai, ko ɗigo bai ƙaru ba. Baba Bitrus ya tsaya riƙe da ƙarfensa, bakinsa a buɗe, idanunsa suka cika da ƙwalla.