Yaya Halijah Ba Ta Zubar da Abinci

A unguwarmu ta bakin teku a Tawau, in aka ce biki to an ce Yaya Halijah, don ita ke ɗaure burasak. Burasak shinkafa ce da madarar kwakwa a ganyen ayaba, kowace mace ta iya, amma nata ne kaɗai ke wuni a tukunya ya fito ba wanda ya fashe. Suna, aure, rakiyar alhazai, ita ce a tsakiyar tabarma da zare a baki, tana zagin 'yan mata wai hannunsu kamar dafaffiyar taliya. Matar yayana ce, Allah ya jiƙansa, kuma tun da aka kawo ta gidanmu nake fama da ita kamar ciwon gwiwa.

Aibinta ɗaya ne, amma ya ishi gari: ba ta zubar da abinci. Shinkafar jiya ta soya, ta shekaranjiya ta shanya a kan rufi, kifin da ya fara ɗaga murya ta ƙara masa barkono. In za ka buɗe firjinta sai ka yi sallama, don akwai waɗanda suka girme ka a ciki. Tana ƙarama aka ƙetaro da su daga Sulawesi a jirgin katako, guzuri ya ƙare a tsakiyar ruwa, ta ga uwarta tana lasar ganyen da aka ƙunso abinci. Na san labarin, na kuma tausaya. Amma yunwar nan ta wuce tun ba a haifi 'ya'yanta ba, mu ne har yau muke shan hukuncinta.

Bara 'yarta Suriani, mai aikin jinya a Kuala Lumpur, ta biya mana yawon shaƙatawa a ƙaton jirgin ruwan nan mai hawa-hawa, wanda ke tashi daga tashar Klang kusa da Kuala Lumpur ya zaga Penang da Phuket ya dawo. Ni aka haɗa da Yaya Halijah in riƙa tuna mata magani, kamar ni ba ni da nawa. Sai ya zama washegarin dawowar jirgin ne walimar saukar Alƙur'ani ta jikarta Aqilah, ɗiyar ɗanta Hamsah, burasak kuwa ana gobe ake ɗaure shi. Suriani ta ce kada ta damu, Hajiya Mardiana, kakar yarinyar ta wajen uwa, ta ce za ta yi.

Gara da ta ce mata gida ya kama wuta. Mardiana, wadda ke dafa burasak a tukunyar zamani mai fito? Yaya Halijah ta rantse ko a gadon asibiti za a kai ta, ita za ta ɗaure na jikarta. Ta tilasta aka yanka mana tikitin jirgin sama na tsakar ranar da za mu sauka. Yaron da ke sayar da tikitin ya ce mata lokacin ya yi ƙunci, kuma hutun makaranta ne, in jirgin ya wuce mu babu wuri a wani. Ta ce masa ya girma tukuna. Tawau kuma ba garin da ake shiga mota a je ba ne, teku ce shimfiɗe a tsakani.

Abin da na gani a ɗakin cin abincin jirgin nan, ni ma ya tayar mini da zuciya. Mutum ya tula kaza, ya ɗora kek a kai, ya malala miya, ya ci loma biyu ya ture, ya koma layi yana sakace. Ma'aikata suna ta juye farantai a manyan bokitai. Yaya Halijah tana kallo tana salati. A cin abinci na gaba sai ga ta da jakar hannu ta kumbura. Ashe robobi ta taho da su tun daga gida, har da tsohuwar robar man shanu.

Na ce, "Yaya, jatan lande za ki kai Tawau? Garin da kyanwa ma ta gaji da shi?"

Ta ce, "Wannan na jirgi ne. Ke dai kare ni da mayafinki."

Ɗan firjin ɗakinmu bai kai akwatin takalmi ba, ya cika tun rana ta biyu. Sauran suka koma ƙarƙashin gado: ƙaguwa, kaza, wani farin kunun ƙwai mai rawa, har da cuku, abin da ba ta taɓa sa wa a baki ba. Na yi magana, ta ce hancina ne ya lalace da turaren 'yan birni.

Ana gobe za mu sauka aka ce kowa ya fitar da akwatinsa bakin ƙofa, za a kwashe, sai a tasha mu same su. Ta jera robobin a cikin nata, ta naɗe kowace da zane don kada su motsa, ta hau kai ta zauna har zip ya rufe. Na ji wani abu ya ce ɓus a ƙarƙashinta. Ta ce gwiwarta ce.

Da safe jirgi ya tsaya, amma ba a bar kowa ya fita ba. Da launin takardar da aka ɗaura wa akwati ake kiran mutane, namu kuwa sai da aka gama da duk launukan da Allah ya halitta. Muna zaune muna kallon rana tana hawa, akwatuna suna can a rumfar kwano suna gasuwa. Da muka sauka ban sha wahalar neman nata ba. Mutane sun buɗe masa fili, ƙudaje sun riga mu.

Direban tasin da muka hau, wani dattijo mai suna Selvam, bai yi nisa ba ya zuge gilasai duka. Can ya jawo damin ganyen pandan da direbobi ke ajiyewa don ƙanshi, ya manna a hanci, yana tuƙi da hannu ɗaya. Cikin ladabi ya tambaya ko gawa muka ɗauko, don in gawa ce akwai motar da ke wannan aikin. Yaya Halijah ta ce ya duba hanyarsa. Hanyar ma ta cushe da manyan motocin tashar, muna tafiya kamar masu rakiyar amarya, ni kaina a waje kamar akuya.

Mun isa filin jirgi ana shirin rufe karɓar kaya. Aka ɗora akwatin a sikeli, sai ga wani ruwa rawaya-rawaya yana bin gefensa yana ɗiga. Yarinyar da ke wurin ta ja kujerarta baya, ta toshe baki da gefen ɗankwali. Ta ce, Inna, wannan ba zai shiga jirgi ba, ga kwandon shara can, ku yi sauri, ni rufewa zan yi.

Muka buɗe shi a ƙasa a gaban jama'a. Ba zan kwatanta ba, wataƙila wani yana cin abinci. Robar ƙaguwa ce ta fashe, ta jiƙa komai har kayan da za ta sa a walima. Wata mata ta ɗauke ɗanta ta canza layi.

Yaya Halijah ta tsuguna ta dafe robobin da hannu biyu, ta ce ba za ta jefa arzikin Allah a shara ba.

Na ce, "To zauna da su. Mardiana tana can ta wanke tukunyarta."

Ta ɗago ta harare ni. Sannan ta fara kwasa, roba ɗaya ɗaya, tana jefawa tana neman gafara, hawaye na bin kumatunta. Na tura zannuwan a leda, na goge akwatin da mayafina, yarinyar ta karɓa da yatsu biyu. Da na waiwayo sai na ga Yaya Halijah tsaye a bakin kwandon shara da babbar robar jatan landen a buɗe. Ta shinshina, ta ce wannan da sauransa. Kafin in kai gare ta har ta fara ɓarewa tana turawa, wani yauƙi yana bin yatsunta. Ta miƙo mini ɗaya.

"Ci mana, Norsiah. Tsamin lemo ne kawai."

Na ce ko a yunwar ƙiyama.

Mun samu jirgi, mu ne na ƙarshe. Ta zauna tana murmushi, ta ce ai ta faɗa wa yaron tikitin nan. Muna sama, a tsakiyar teku, murmushin ya ɗauke. Cikinta ya yi wata ƙara da har na kusa da mu ya leƙa taga. Daga nan banɗakin jirgin ya zama nata, layi ya taru a baya, ma'aikaciya tana fesa turare tana ba mutane haƙuri.

Ɗanta Hamsah ya ɗauko mu daga filin jirgin Tawau, sai da muka tsaya a gidan mai sau biyu. A gida an gasa ganye, an turara shinkafa, mata sun kewaye tabarma suna jiranta. Ta zauna a mazauninta, fuska kamar toka, ta sa zare a baki. Ɗauri ɗaya ta yi, ta miƙe a guje. Ba a jima ba Hajiya Mardiana ta yi sallama da tukunyarta a hammata, ta tambayi jikin mai jiki da murya mai zaƙi, ta gyara zane ta zauna a wurin. Ta bayan ƙofar banɗaki Yaya Halijah take ta ba da umarni a ja zare da ƙarfi, ba wadda ta saurara.

Ranar walima tana asibiti ana ƙara mata ruwa. A waya ta ji karatun Aqilah. Burasak ɗin Mardiana kuwa, gaskiya ɗaya ce, bai fashe ba, kuma kafin isha'i an gama shi, mata suka tafi gida da wuri suna sa albarka.

Bayan sallah aka yi aure a gidan liman. Mardiana suka kira ta ɗaure burasak.

Yaya Halijah ta je, ta zauna cikin baƙi a kan kujera, hannuwanta a cinya ba abin yi. Aka kawo mata burasak biyu ta cinye. Har yau in aka tambaye ta abin da ya kwantar da ita, cewa take ruwan da aka ba ta a jirgin sama ne.