Dogon Babur ɗin Kawu

Shekarar da aka mayar da ni koyarwa wata firamare can cikin ƙauyukan da ke bayan Dawakin Tofa, keke nake hawa. Nisan ba wani abin kuka ba ne, amma daga inda aka sauka daga kwalta har ƙofar makaranta yashi ne zalla. Wani wurin sai na sauka na tura keken, in isa jiƙe sharkaf da gumi, yara sun gama sharar fili sun shiga aji suna jirana. Albashin malamin firamare kuwa ba na sayen babur ba ne, balle ga mai iyali.

Labarin wahalata ya kai kunnen Kawu, yayan mahaifiyata, sai ya aika a kira ni. Kawu tsohon malamin gona ne. Ya shafe ƙuruciyarsa yana zagaya ƙauyuka yana nuna wa manoma sabon iri da yadda ake sa taki. Bayan ya ajiye aiki idonsa ya yi ta raguwa, har ya zama ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Na same shi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, muka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Zagaya bayan rumbu ka yaye buhunan da ke jikin katanga."

Da na yaye, sai ga babur ɗinsa na aiki, wanda na yi zaton an daɗe da sayarwa. Dogo ne, mai tayoyi masu haƙora, irin na da wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, yana tafe yana hayaƙi. Fentinsa ya koɗe, kaji sun tone sirdin har ƙarfe ya fito, sarƙar ta sandare da tsatsa. Na taka kik, ko motsi bai yi ba.

Na dawo na zauna. Na ce, "Kawu, ai injin ya ƙame."

Ya ce, "Na sani. Idan ka tashe shi, naka ne. Idan ya gagare ka, ka kira masu sayen gwangwan su auna shi, amma kada ka gaya mini ranar da za su zo."

Ni dai ban taɓa buɗe inji ba, iyakata facin keke. Kai shi wurin bakanike kuma ba zai yiwu ba, don abin da za a nema ya fi ƙarfin aljihuna. Muka yi shawara cewa ni ne hannu da ido, shi kuma zai riƙa faɗa mini abin da zan yi. Ya sa aka ɗauko masa tsohuwar jakar kayan aikinsa, da sifanu da filaya da sukudireba mai karyayyen mariƙi. Duk Asabar da Lahadi, da na karya kumallo sai in tafi. Ina kwance ƙarfe in sa masa a hannu, ya shafa shi da yatsa, ya ce wannan a wanke, wannan a jefar, wannan a ajiye a kwano kada ya ɓata.

Abin da muka fara shi ne cire fulogi, muka ɗura kananzir ta ramin. Na so in danna kik da ƙarfi a take, Kawu ya hana. Ya ce, "Bar shi ya sha. Ya daɗe yana kwance, ba za ka tashe shi da duka ba." Da na dawo wani makon, muka buɗe kan injin, na ɗora guntun ƙotar fartanya a kan fistin, ƙarfen nan da ke hawa da sauka a cikin inji, ina bugawa a hankali. Can sai na ji ya sauka kaɗan. Na yi kabbara har matan gida suka leƙo.

Murnar ba ta daɗe ba. Fistin ya fito duk zane a jikinsa, zobban da ke kewaye da shi ɗaya ya karye. Na naɗe su a tsumma na shiga birni wurin masu kayan babur. Na bi shago-shago, kowa ya karɓa ya juya sai ya miƙo mini. Wani ma dariya ya yi ya ce, "Malam, wannan ai ya yi ritaya tun ina goye." Har na kama hanyar tasha, wani mai shago ya biyo ni ya kwatanta mini wani dattijo can ƙarshen layi, mai tara matattun injuna. Dattijon ya dubi fistin, ya shiga cikin tarin ƙarafa ya daɗe yana tono, ya fito da rabin inji irin namu sak. Ƙasan ya fashe, amma saman lafiya lau. Da ya ji na tsohon malamin gona ne da ake son tayarwa, ya yi mini sauƙi ƙwarai, ya ƙara mini da wayar birki kyauta. Ban sake ganinsa ba, amma ina sa shi a addu'a.

Sauran aikin duk dabara ce ta marar kuɗi. Takardar da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada mai ya tsiyaya, da kwali muka yi ta: na ɗora kwalin a bakin ƙarfen, na riƙa ƙwanƙwasawa da kan sifana har siffar ta fito, na shafe shi da giris. Salansa kuwa, wato bututun fitar hayaƙi, zanzaro sun yi gini a ciki, ga daskararren baƙin mai na shekaru. Muka hura wuta da karan dawa muka jefa ta ciki, ta yi ta tafasa tana wari, da ta huce na bubbuga ta, gawayi ya yi ta zubowa. Tankin na kai shi gida, na zuba tsakuwa da kananzir a ciki ina girgizawa don tsatsa ta saki. Matata ta fito daga madafa ta same ni tsakar gida ina rangaji da tanki a ƙirji, ta yi dariya har ta dafa bango. Da ta gama dariyar ta ce, "Kawo mini sirdin, Malam, wannan aikina ne." Ta yanko soso daga tsohuwar katifar yara, ta samo baƙar leda mai kauri, ta hau keken ɗinkinta. Allura biyu ta karya, amma sirdin da ta yi har yau bai farke ba.

Muna cikin bazara muka gama haɗawa. Ranar da za a tayar, bayan la'asar, Kawu ya sa na auna baƙin mai da ƙaramin gwangwanin tumatir na zuba a fetur na girgiza. Ya ce, "Ka ji wannan da kyau. Ko'ina za ka iya yin tsimi, ban da nan. Ranar da ka rage masa baƙin mai, ranar za ka rasa shi." Na yi ta taka kik har cinyata ta yi tsami. Injin ya yi tari sau ɗaya ya mutu. Na sake takawa, sai ya kama da wata irin ƙara, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida, awaki suka watse. Ina ta washe baki, sai na ga Kawu ya ɗaga hannu.

"Kashe shi! Kashe!"

Na kashe. Ya ce, "Ba ka ji yana hawa da kansa ba, ba ka murɗa ba? Yana shan iska ta wani wurin da bai kamata ba. Da ka bar shi, da ya ƙone." Na bi ko'ina da ido ban ga komai ba. Shi ya matso, ya lalubi robar da ta haɗa kafireta da inji, ya lanƙwasa ta da yatsa, sai ga tsaga ta buɗe baki a ƙasa. Muka like ta da gam, na yanko tsohon tif ɗin taya na naɗe ta tam, na ɗaure da waya.

Daga nan aka shiga saiti, wanda ya fi komai cin rai. Akwai wani ɗan ƙaramin noti a jikin kafireta, sai in murɗa shi kaɗan, in hau in je ƙarshen burtali in dawo, in cire fulogi da zafinsa, Kawu ya tambaye ni launin bakinsa. In na ce baƙi ne, ya ce mai ya yi yawa. In na ce ya yi fari, ya ce yunwa yake ji, mayar da baya. Na gaji na ce, "To Kawu, wane launi muke nema ne?" Ya yi ɗan tunani ya ce, "Launin ƙuli-ƙuli." Sai a mako na gaba muka same shi. Da na faɗa masa, ya ce in tayar in bar shi a tsaye. Ya karkata kai yana saurare, injin yana bugawa a hankali ba ya hawa ba ya sauka. Can sai ya ce, "Shi ne."

Ranar Litinin na riga kowa isa makaranta. Yashin da ya saba kayar da ni, babur ɗin ya bi ta kansa kamar kwalta.

Da damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, na ce wa Kawu ya shirya in zagaya da shi. Ya yi ta kawo uzuri, amma da na zo ranar Asabar na same shi ya sa babbar riga da hula yana jira. Ya hau baya ya riƙe kafaɗata. Ba ya gani, amma shi ke nuna hanya: nan gaba akwai tsamiya, ka yi dama, rage wuta, akwai kwazazzabo. Wani wurin tsamiyar ba ta nan, an sare, wani wurin gidaje sun cinye gonar da yake nufi. In na faɗa masa sai ya ce, "Allah Sarki," mu wuce.

Mun kusa wani ƙauye sai na hango wani tsoho ya yar da fartanya yana tahowa bakin hanya da sauri, yana ɗaga hannu. Na tsaya. Ko kallona bai yi ba, ya wuce wurin Kawu ya kama hannunsa. Ya ce, "Malam! Wallahi tun daga nesa na ji kukan babur ɗin nan na ce ko dai mafarki nake yi." Kawu ya gane muryarsa nan take, ya tambaye shi rijiyar da suka taɓa haƙawa tare, ko tana da ruwa har yanzu. Kafin wani lokaci an shimfiɗa tabarma, an kawo fura, dattawa sun taru. Na koma gefe ina kallon Kawu yana dariya yana gardama a kan irin wake, muryarsa ta dawo irin wadda na sani ina yaro. Na yi wa Allah godiya a zuciyata da Ya sa ban kira masu gwangwan ba.

Sai da hadari ya haɗo daga gabas suka sake mu, da zakara ɗaure a bayan babur da ƙullin daddawa a aljihun Kawu. Ina tafe a hankali saboda shi, iska ta fara kaɗawa, ƙanshin ruwa ya cika hanya. Sai na ji ya matse kafaɗata, ya kawo bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Kai, ɗan nan, haka ake tuƙa shi? Sa masa giya ta huɗu."

Na sa. Mun shiga gari ɗigon farko yana sauka.