Takardar Inshorar Da Na Hana Ɗana Saya

Assalamu alaikum edita, da duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa. Ni tsohuwa ce 'yar cikin birnin Kano. A Yakasai aka haife ni, a nan na yi aure, a nan maigidana ya rasu ya bar ni. Ban yi makaranta ba, iya abin salla na sani, don haka matar ɗana ce take rubuta wannan, ina faɗa tana rubutawa, na kuma ja mata kunne kada ta sassauta min magana don ta rufa min asiri. Shekara uku da suka wuce ni mace ce da ba a maimaita mata magana, ita ma ba ta maimaitawa. Ina zaune a tsakar gida ina matsar man gyaɗa, amma idona yana bakin zaure. Na san wanda ya shigo, na san abin da ya shigo da shi, na san abin da ya ɓoye. In na ce a'a a gidanmu, to maganar ta mutu. Ina jin daɗin hakan kuwa, ba zan yi ƙarya ba, har ina ganin shi ne mutunci.

Mu biyu iyayenmu suka bari, ni da ƙanwata. Halinmu ya bambanta tun muna yara, ni ɗaure fuska, ita dariya. Da na haifi ɗana na fari, kunyar ɗan fari ta hana ni ko kallonsa a gaban mutane, ina yaye shi ta zo ta saɓa shi a baya ta tafi da shi gidanta a Ƙofar Ruwa. Ita ta goye shi, ita ta yi jinyar ƙyandarsa, ita ta kai shi makaranta. Har yau ita yake kira Umma, ni kuwa Hajiya. Da Allah ya buɗa masa, sai ya zo ya ce yana so ya kai mu umara mu biyu, in mun gama kuma ya biya mana wani jirgin ruwa na shaƙatawa da ke tashi daga Jidda, ya zaga Bahar Maliya kwana biyar, ya taɓa Masar ya dawo. Na ce umara dai na ji, amma me ya haɗa tsohuwa da yawo a kan ruwa? Ƙanwata ta ce in ba na so in zauna a masauki in yi gadin jakunkuna, ita dai sai ta ga teku kafin ta mutu. Don ita na yarda.

Ana saura mako biyu mu tashi ya shigo ɗakina bayan la'asar da takardu a hannu, ƙanwata tana nan ta zo min wuni. Ya ce kamfanin da ya shirya tafiyar ya ba shi shawarar ya sayi inshora, musamman saboda kwanakin jirgin ruwan, tunda tsofaffi zai ɗauka. Na ce mene ne kuma inshora. Ya fara karanto min yana fassarawa: wai in mutum ya faɗi ya karye, za su biya asibiti; in ciwo ya kama shi a tsakiyar ruwa, za su ɗauke shi; in ya kwanta a ƙasar waje, za su dawo da shi gida a jirgi da likita; in ya mutu, za su kawo gawa. Bai kai ƙarshe ba na dakatar da shi. Na ce ashe tun ba mu fita daga gida ba har an zauna an lissafa mana karaya da mutuwa? Wane irin mugun baki ne wannan a kan tafiyar ibada? Na ce ubansa ya yi shekara talatin yana fatauci har Agadas, bai taɓa riƙe wata takarda ba sai addu'a. Na ce wannan caca ce, ka ba da kuɗinka ka zauna kana jiran masifa ta faɗo don ka ci riba. Ƙanwata tana ta dariya, ta ce Yaya a bar yaro ya saya mana, in har suna sa sababbin haƙora ma a yankar min guda biyu. Ɗana ya kwantar da murya ya ce Hajiya ba fata ba ne, tanadi ne, kuma kuɗin bai kai na tsarabar da za mu sayo ba.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma na ga ya tattara takardun ya yi shiru da wuri, na kuma san irin wannan shirun. Zai fita ne ya saya a ɓoye. Sai na kira shi ya dawo daga bakin ƙofa, na dube shi na ce in ya sayi takardar nan, a ɓoye ko a sarari, da sunana ko da sunan ƙanwata, ban yafe masa ba duniya da lahira. Ƙanwata ta daina dariya, ta ce haba Yaya, a kan takarda? Na ce ta yi min shiru, ba ita ta haife shi ba. Wannan kalmar ma ban taɓa faɗa mata ita ba sai ranar. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, ba zai saya ba. Bai saya ɗin ba, domin irin tarbiyyar da aka yi masa ke nan. Ni kuma na shiga nawa shirin: na sa aka toya waina aka raba sadaka ranar Juma'a, na aika aka yi mana rubutu muka sha, na daka yaji, na ɗaure garin kunu da kilishi. Na ce to ga tanadi nan na gaske.

Umara ta yi kyau, alhamdu lillahi. Muka shiga jirgin, wani abu kamar an ɗauki unguwa guda an ɗora gida kan gida an tura ruwa. Ni ban sake ba, kaina yana juyawa, abincinsu ba gishiri ba yaji. Ita kuwa kamar yarinya. Ta kama ƙarfen gefen jirgi ta yi ta kallon ruwa tana tasbihi, tana cewa ashe kogin Wudil da muke tsoro kwatami ne. Tana tsokanata wai duk jirgin nan ni kaɗai ce na shiga ɗakin cin abinci da ƙullin yaji a bakin mayafi. A rana ta uku da hantsi muna karyawa, tana cikin ba ni labari, sai kofin shayi ya suɓuce daga hannunta. Na buɗe baki zan yi mata faɗan ɓarna, sai na ga bakinta ya karkace, ɓarin jikinta na dama ya saki.

Asibitin jirgin ɗan ɗaki ne mai gado biyu. Likitan ya yi abin da zai iya, ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ba za su iya riƙe ta ba, za su sauke mu a tashar da ke gaba. Wata ma'aikaciya ta zo da takarda tana yi wa ɗana tambayoyi da Turanci. Ba na jin Turanci, amma na ji kalmar inshora ta fito daga bakinta sarai. Ɗana ya girgiza kai. Bai dube ni ba, kuma rashin kallon nan ya fi min zagi ciwo. Washegari aka sauke mu da jakunkunanmu a wani ƙaramin gari na bakin ruwa a Masar, jirgin ya yi gaba da kiɗe-kiɗensa.

Asibitin garin sun karɓe ta, ba zan ɗora musu laifi ba. Amma likitoci suka ce ba za ta iya zama a kujerar jirgin sama ba, sai dai a kwance, da likita a gefenta da na'urar numfashi. Akwai masu yin wannan aikin. Mai inshora waya ɗaya ake bugawa a zo a ɗauke shi. Wanda ba shi da ita sai ya ajiye kuɗin gaba ɗaya kafin a motsa. Ɗana ya wuni a barandar asibiti da waya a kunne, yana neman mai sayen filinsa, yana roƙon abokai, abin da aka tara kuma turo shi daga gida ya zama wani aikin. A gadon da ke kusa da namu akwai wata tsohuwa daga wata ƙasar Musulmi ta can gabas, ita ma daga jirgi aka sauke ta da karayar ƙugu. Hijabinta har ƙasa, carbi ba ya barin hannunta, a kwance ma ba ta bari salla ta wuce ta. Kwana biyu kacal ta yi, wasu mutane suka zo da gadon turawa suka tafi da ita ƙasarsu. Na tambayi ɗana yaya aka yi nata ya zo da sauri haka. Ya ce 'ya'yanta sun saya mata takardar.

Maganar ƙanwata ta sarƙe, kalma ɗaya ce take fita daidai, ita ce gida. Kullum da safe in na zo goge mata jiki sai ta kama bakin zanena da hannunta mai lafiya ta ce gida. Autarta tana da tsohon ciki a Kano, haihuwar fari, ita ce kuma ta yi alkawarin za ta yi mata wankan jego da hannunta. Ni kuma in ce mata gobe. Ni da ban taɓa lallashin kowa da ƙarya ba, sai da na yi kwana goma sha biyu ina cewa gobe. Tun tana yarda har ta daina, in na faɗa sai ta rufe ido ta juya fuska bango. An kammala komai, an sa mana ranar tashi saura kwana biyu, sai ta cika bayan azahar, hannunta a cikin nawa.

Shekara fiye da ashirin ni ake kira wankan gawar mata a lungunmu. Ranar nan wasu mata biyu na garin suka yi wa ƙanwata wanka, ni ina riƙe da buta, suna min magana da Larabci ina gyaɗa kai ban san me suke cewa ba. Mutanen masallacin kusa da asibiti suka yi mata salla, Allah ya saka musu, aka kai ta wata maƙabarta a bayan gari. Muka dawo Kano mu biyu da jakunkuna uku.

Masu gaisuwa suka yi ta cewa ta yi kyakkyawan ƙarshe, daga umara sai kabari. Ina amsawa da amin. Autarta, da jaririyarta a hannu, ta matso ta tambaye ni, Hajiya Babba, mene ne sunan garin da aka binne Umma? Wallahi ban iya faɗar sunan ba, har yau bakina ba ya kama shi. Bayan sadakar arba'in na kira ɗana na ce na janye maganata, ya yafe min. Ya ce Hajiya ajali ne, babu abin yafewa. Da ya yi min tsawa ko sau ɗaya, da na fi samun sauƙi. Daga baya na je wajen wani malami a unguwarmu na kwashe komai na faɗa masa, ina so ya ce min na yi daidai. Ya ce malamai sun yi saɓani a kan wasu nau'o'in inshora, amma akwai wadda da yawansu suka yarda da ita, irin ta gudunmawa, kowa ya zuba, wanda abu ya sama a taimaka masa. Sannan ya tambaye ni, kafin in haramta wa ɗana, wane malami na tambaya? Ni kuwa ban tambayi kowa ba. Ban ma bari an gama karanta min takardar ba.

Na san takarda ba ta ƙara wa kowa kwana, ranarta ce ta zo, ko a ina take sai ta tafi. Amma da wataƙila a ɗakinta za ta cika, 'ya'yanta a kewaye da ita, ta ga jikarta ko sau ɗaya. Wannan ne na hana ta, kuma ba tawakkali ne ya sa ni ba, kamar yadda na yi ta faɗa wa kaina. Tsoron jin sunan mutuwa ne, da son a ce maganata ce ta ƙarshe. Na gaji da ɗaukar abin ni kaɗai, shi ya sa na ce a rubuta.

Ku masu shirin tafiya da tsofaffi, musamman ta kan ruwa inda babu asibitin kirki kusa, ku tambayi masana, ku tambayi malamai, ku sa a karanta muku takardar har ƙarshe ko da abin da ke ciki bai yi muku daɗin ji ba. Ku kuma iyaye mata 'yan'uwana, kalmar nan ta ban yafe ba tana da nauyi, kada ku ɗora ta a kan abin da ba ku sani ba, domin ɗan kirki zai bi ku ko da ya san kun yi kuskure, kuma shi zai kwana a ciki. Duk Juma'a ɗana yana zuwa maƙabarta ya tsaya a kan kabarin ubansa ya yi addu'a. Matar da ta goye shi kuwa ba shi da inda zai tsaya mata, sai dai ya juya gabas ya ɗaga hannu.